Hubbard Brook: Nazari Kan Wata Ƙaramar Ƙorama a Duwatsun New Hampshire

A arewa maso gabashin Amurka, cikin jihar New Hampshire, akwai jerin duwatsu da ake kira White Mountains, kuma a kudancinsu akwai wani kwari mai siffar kwano wanda wata ƙorama mai suna Hubbard Brook take ratsawa daga yamma zuwa gabas. Ba ta da girman da zai sa matafiyi ya tsaya kallo, domin idan ruwa ya ja baya a watan Agusta mutum yana iya tsallaka ta ta kan duwatsu a wurare da yawa ba tare da ya jiƙa ƙafarsa ba. Duk da haka, da wuya a sami wata ƙorama a duniya da aka auna ruwanta, aka ƙirga halittunta, aka kuma bibiyi sinadaranta na tsawon shekaru kamar wannan, kuma abin da aka gano a cikinta ya taimaka wajen sauya dokar tsabtace iska ta ƙasar baki ɗaya. Wannan nazari zai duba abin da ya sa hakan ya yiwu a nan, da abin da ruwan ya bayyana game da dajin da yake fitowa daga cikinsa.

Shimfiɗar kwarin

Kwarin yana da faɗin hekta sama da 3,000. Mafi ƙasƙancin wuri a cikinsa yana kan mita 222 sama da teku, mafi tsayi kuma shi ne ƙolin Dutsen Kineo mai mita 1,015, wanda yake gefen kudu maso yamma. Ƙananan ƙoramu masu yawa suna gangarowa daga ɓangarorin biyu suna zuba a babbar ƙoramar, ita kuma ta kai ruwanta Kogin Pemigewasset. Wannan kogi yana haɗuwa da Winnipesaukee a garin Franklin, su zama Kogin Merrimack, wanda yake faɗawa Tekun Atlantika a Newburyport cikin jihar Massachusetts. Kusa da bakin kwarin akwai wani ƙaramin tafki mai suna Mirror Lake, mai faɗin hekta 15 da zurfin da ya kai mita 11, wanda rararsa take shiga ƙoramar dab da ƙarshenta.

Tulin ƙanƙarar da ya taɓa rufe yankin ya janye kimanin shekaru 14,000 da suka wuce, ya bar tarkacen duwatsu da tsakuwa da yashi shimfiɗe a kan dutsen ƙasa. Wannan shimfiɗa ba ta da kauri sosai a mafi yawan gangaren, ƙasar da ta samu a kanta kuwa mai tsami ce tun asali, kuma ba ta da farar ƙasa irin wadda take kashe kaifin asid. A ƙarƙashinta akwai dutse mai tauri wanda ruwa ba ya ratsa shi sai ɗan abin da ba a rasa ba. Wannan sifa ta dutsen ita ce tushen duk abin da ya biyo baya, domin tana nufin cewa ruwan da ya sauka a kan gangaren hanyoyi biyu kawai yake da su na fita: ko ya koma sama ta hanyar tururi da numfashin ganyaye, ko ya gangaro ya bi ƙorama. Ba ya sulalewa ta ƙarƙashin ƙasa zuwa wani kwarin. Saboda haka wanda ya auna abin da ya sauka daga sama, ya kuma auna abin da ya fita ta ƙorama, yana iya yin lissafi kamar ɗan kasuwar da shagonsa ƙofa ɗaya gare shi, ya san abin da ya shigo, ya san abin da ya fita, bambancin kuma ya nuna masa riba ko asara.

Ruwan da yake sauka a shekara ya kai kimanin milimita 1,400, kuma tsakanin kashi ɗaya cikin huɗu zuwa ɗaya cikin uku nasa dusar ƙanƙara ce. Matsakaicin ma'aunin zafi a watan Janairu yana wajen digiri 9 ƙasa da sifili, a watan Yuli kuma yana wajen digiri 18. Kimanin kashi 60 cikin ɗari na wannan ruwa yana fita ta ƙoramu, sauran kuma itatuwa da iska ne suke ɗauke shi. Fitar tasa ba daidai take a duk shekara ba. Dusar ƙanƙara tana taruwa daga Disamba, ta narke a Maris da Afrilu, sai ƙoramu su cika su yi ambaliya, har kusan rabin ruwan shekara ya wuce a cikin waɗannan 'yan watanni. Da ganye ya fito kuma itatuwa suka fara sha, sai ƙananan ƙoramun su ragu ƙwarai, wasu har su tsaya cak a ƙarshen lokacin zafi.

Tarihin dajin kafin zuwan masu bincike

Yankin yana cikin ƙasar mutanen Abenaki, waɗanda suka rayu a kwarurukan kogunan wannan sashe tun kafin zuwan Turawa, kuma sunan Pemigewasset daga harshensu ya fito. Turawan da suka zauna daga ƙarshen ƙarni na 18 sun yi gonaki da makiyaya a ƙasan kwarin, kusa da tafkin, amma gangaren sama ya yi tsauri da duwatsu da yawa, bai yi kyau da noma ba. Abin da ya taɓa shi sosai shi ne saran katako, wanda ya fara da itatuwan spruce a ƙarshen ƙarni na 19, ya kuma game sauran itatuwa har zuwa wajen 1920. Ɓarnar da saran katako da gobarar daji suka yi wa White Mountains gaba ɗaya ita ce ta tayar da hankalin jama'a har majalisar dokokin Amurka ta zartar da Dokar Weeks a 1911, wadda ta ba gwamnatin tarayya ikon sayen filaye domin kare mafarin koguna. Ta wannan hanya aka kafa Dajin Ƙasa na White Mountain a 1918, kwarin Hubbard Brook kuma ya shiga cikinsa. A watan Satumba na 1938 wata babbar guguwa ta ratsa New England, wato jihohin arewa maso gabashin Amurka, ta kayar da itatuwa masu yawa a nan ma.

Ke nan dajin da ake gani a yau ba na asali ba ne, sabon tsiro ne da ya taso bayan gatari da guguwa. A ƙasa da tsakiyar gangaren itatuwa uku ne suka mamaye, wato maple mai zaƙi wanda ake dafa ruwansa a sami zuma, da beech, da birch mai ruwan ɗorawa, dukansu masu zubar da ganye a watan Oktoba. A can sama inda sanyi ya fi tsanani kuma ƙasa ta fi siranta, spruce ja da fir da farin birch ne suka fi yawa. Ya kamata mai karanta bayanan wannan wuri ya riƙa tuna shekarun dajin, domin wasu sauye-sauyen da aka gani a cikinsa tsufa ne kawai ya kawo su, ba gurɓata ba, kuma rarrabe waɗannan biyu yana cikin ayyuka mafi wuya da masu binciken suka fuskanta.

A 1955 Hukumar Kula da Dazuzzuka ta Amurka ta keɓe kwarin domin nazarin dangantakar daji da ruwa. Tambayar farko ta injiniyoyi ce: shin yadda ake sarrafa daji yana ƙara ko rage ruwan da garuruwan ƙasa suke samu, kuma yana da hannu a ambaliya? Domin amsa ta aka zaɓi wasu ƙananan ƙoramu, aka gina wa kowacce shingen kankare da aka kafa a kan dutsen ƙasa, mai tsaga irin ta harafin V wadda duk ruwan yake bi, tare da na'urar da take rubuta tsayin ruwan dare da rana. A ƙarshe irin waɗannan sassa da ake aunawa sun kai tara, shida suna fuskantar kudu, uku suna fuskantar arewa, kuma an ba su lambobi maimakon sunaye. Sashe na 6, mai hekta 13.2, an bar shi ba a taɓa shi, domin ya zama abin kwatance.

F. Herbert Bormann, masanin tsirrai a Kwalejin Dartmouth, shi ne ya lura cewa shingen da yake auna yawan ruwa zai iya ba da damar auna abin da ruwan yake ɗauke da shi. Ya haɗa kai da Robert Pierce na Hukumar Dazuzzuka, da Gene Likens masanin ruwaye, da Noye Johnson masanin duwatsu, suka fara aikin a watan Yuni na 1963. Tsarinsu bai da wani ƙawa: kowane mako a ɗebi ruwan sama da ruwan ƙorama, a auna sinadaransu, a rubuta. Wannan ɗiban mako-mako ya ci gaba fiye da shekaru sittin.

Halittun ruwan da na bakinsa

Ƙoramun kwarin suna gudana ne a ƙarƙashin inuwar itatuwa, hasken rana ba ya isa gare su sosai, don haka gansakuka da sauran tsirran ruwa ba su da yawa. Stuart Fisher da Likens sun yi lissafin abincin ɗaya daga cikinsu, wadda ake kira Bear Brook, suka wallafa a 1973 cewa fiye da kashi 99 cikin ɗari na abin da halittunta suke rayuwa a kai daga waje yake zuwa, wato ganyaye da rassa da narkakken ruɓaɓɓen abu da ruwa yake kwasowa daga ƙasar daji. Idan ganye ya faɗa ruwa a watan Oktoba, naman gwari da ƙananan ƙwayoyin halitta ne suke fara laushe shi, sannan tsutsotsin ƙwari masu zama a ƙarƙashin duwatsu su yayyaga shi, wasu kuma a can ƙasa su tace ɓarɓashin da ya taho. Waɗannan tsutsotsi su ne abincin kifi da salamanda, idan kuma suka yi fiffike suka tashi, sai su zama abincin tsuntsaye da gizo-gizo da jemagu.

Wannan tsari ba zai yiwu ba idan ruwa yana wanke ganyen da zarar ya faɗo. Abin da yake riƙe shi shi ne gungumen da ya faɗa ƙorama ya gitta ta, ganye da ƙirare suka taru a bayansa suka zama ƙaramin shinge. Robert Bilby da Likens sun nuna a 1980 cewa a mafi ƙanƙantar ƙoramu kimanin kashi 75 cikin ɗari na ruɓaɓɓen abin da yake cikinsu a bayan irin waɗannan shingaye yake, kuma da suka kwashe shingayen daga wani yanki na ƙorama, ɓarɓashin da ruwa yake tafiya da shi ya ninka sau da yawa. A da ana ganin cire gungume daga rafi tsabtacewa ce. Wannan aiki yana cikin waɗanda suka sa masu kula da ruwaye suka sauya ra'ayi, har a yanzu wurare da dama da gangan ake mayar da itace cikin rafuka.

Halittar da ta fi ba mutane mamaki a nan ita ce salamanda, wadda take kama da ƙaramin ƙadangare amma dangin kwaɗo ce, fatarta a jiƙe take, kuma ire-iren da suka fi yawa a wannan kwari ba su da huhu, ta fata suke numfashi. Thomas Burton da Likens sun ƙiyasta a 1975 cewa akwai kusan 3,000 a kowace hekta, mafi yawansu irin mai jan baya da take zama ƙarƙashin ganye da gungume, kuma nauyinsu idan aka haɗa ya ninka na tsuntsayen dajin a lokacin da tsuntsayen suka fi yawa. Mai yawo a dajin yana iya wuni bai ga ko ɗaya ba. A cikin ruwan kuma akwai wata babba mai launin ja-ja, wadda 'ya'yanta suke shafe shekaru a ƙorama kafin su rikiɗa. Kifin da ake kira brook trout yana cin su, don haka a sama da gangaren da kifi ba ya iya hawa, salamandar ce babbar mafarauciyar ruwan.

Labarin kifin shi kansa gajere ne. A shekarun 1960 an san aƙalla iri uku a babbar ƙoramar. Da aka sake bincike sosai a tsakiyar shekarun 2000, brook trout kaɗai aka samu, wanda shi ne ya fi sauran jure ruwa mai tsami.

A kan tudu akwai barewa mai farar wutsiya, da baƙar beyar, da biba mai datse ruwa, da babbar dabbar nan mai faffaɗan ƙaho da ake kira moose, wadda ta dawo kwarin a shekarun 1980 bayan ta daɗe da ɓacewa. Amma tsuntsaye ne aka fi bibiya. Richard Holmes na Dartmouth ya fara ƙirga su a 1969 a wani fili mai hekta 10, kuma ƙirgen bai tsaya ba tun daga nan. A farkon shekarun 1970 ana samun fiye da 200 a filin, amma zuwa shekarun 1990 adadin ya faɗi ƙasa da rabi, wasu ire-ire kuma, kamar ƙaramin mai cafkar ƙwari da ake kira least flycatcher, sun ɓace daga filin gaba ɗaya. Mai saurin yanke hukunci zai ɗora laifin a kan gurɓata, amma bayanan sun nuna wani abu daban. Shekarun farko sun dace da annobar tsutsar ganye wadda ta wadata tsuntsaye da abinci, sannan dajin da kansa ya girma, tsarin rassansa ya sauya, ire-iren da suke son matashin daji suka rasa wurin da ya dace da su. Akwai kuma abin da yake faruwa nesa da New Hampshire. Wani ɗan tsuntsu mai shuɗin baya da baƙin maƙogwaro, wanda yake sheƙa a ƙananan bishiyoyin ƙasan dajin, yana yin hunturu ne a Jamaika da Kuba da maƙwabtansu, kuma Scott Sillett da Holmes sun gano cewa fiye da kashi 85 cikin ɗari na mace-macensa a kan hanyar ƙaura suke faruwa.

Gwajin sashe na 2

A hunturun 1965 zuwa 1966 aka sare duk itatuwan sashe na 2, mai hekta 15.6, aka bar su a inda suka faɗi, ba a fitar da ko gungume ɗaya ba, sannan aka yi feshin maganin kashe ciyawa shekara uku a jere domin kada wani abu ya tsiro. Ba a yi wannan don kwaikwayon masu saran katako ba. Manufar ita ce a ga abin da ƙasa da ruwa za su yi idan aka cire tsirrai masu rai daga lissafin.

A shekarar farko ruwan ƙoramar ya ƙaru da kusan kashi 40 cikin ɗari, kuma mafi yawan ƙarin a lokacin zafi ya zo, lokacin da a da itatuwa suke shanye shi. Wannan an yi tsammaninsa. Abin da ba a yi tsammani ba shi ne sinadarin naitiret, wani nau'in naitirojin mai narkewa a ruwa, wanda yawansa a ruwan ya ninka sau 41 a shekarar farko da sau 56 a ta biyu, har ya wuce iyakar da hukuma ta amince da ita a ruwan sha. Dalilin shi ne ƙwayoyin halittar da suke cikin ƙasa sun ci gaba da ruɓar da ganye da saiwa suna sakin naitirojin, ƙasar ma ta fi ɗumi da laima fiye da da, amma babu saiwa mai rai da za ta karɓa. Naitiret kuwa ba ya manne wa ƙasa, kuma idan zai tafi yana jan kalsiyam da fotasiyam da alminiyam tare da shi. Ruwan ya ƙara tsami, ya ƙara ɗumi saboda rashin inuwa, gansakuka ta cika shi. Da aka daina feshi, wata ƙaramar bishiya mai saurin girma da ake kira pin cherry ta rufe wurin cikin 'yan shekaru, asarar sinadarai ta tsaya, daga baya ma ruwan ƙoramar ya koma ƙasa da yadda yake kafin sara, domin sabon tsiron ya fi tsohon dajin shan ruwa.

Masana'antar katako da wasu jami'an dazuzzuka ba su ji daɗin sakamakon ba, kuma ƙorafinsu cewa babu mai sana'ar da yake fesa maganin ciyawa shekara uku yana da tushe. Amsar da ta dace ita ce a gwada irin saran da ake yi a zahiri, kuma an yi hakan. An sare sashe na 4 layi-layi a 1970 da 1972 da 1974, an kuma kwashe itatuwan sashe na 5 gaba ɗayansu har da rassa a 1983 zuwa 1984. Asarar sinadarai ta bayyana a duka biyun, sai dai ba ta kai ta sashe na 2 ba, kuma sara layi-layi tare da barin itatuwa a bakin ƙorama ya rage ta sosai.

Ruwan sama mai asid

Babu wanda ya je Hubbard Brook neman gurɓatar iska. Wurin yana nesa da manyan masana'antu, kuma an zaɓe shi ne a matsayin daji mai lafiya. Amma samfurin ruwan sama na farko da aka auna a 1963 ya nuna 3.7 a ma'aunin pH. A wannan ma'auni 7 ne tsaka-tsaki, kowane mataki ɗaya zuwa ƙasa kuma yana nufin tsami ya ninka sau goma, ruwan sama mai tsabta kuwa yana wajen 5.6, don haka tsamin wannan samfuri ya doshi ninki ɗari na abin da ya kamata. Matsakaicin shekara-shekara a wancan lokaci ya tsaya wajen 4.1.

Ba a nan aka fara sanin lamarin a duniya ba. Robert Angus Smith ya bayyana shi a biranen Ingila tun 1872, Svante Odén kuma ya ja hankali gare shi a Suwidin a 1967. Gudummawar wannan kwari ita ce ya ba da hujjar farko daga Arewacin Amurka, mai ɗauke da awo na kowane mako ba tare da giɓi ba. Masu binciken sun jira shekaru tara suna tara bayanai kafin su wallafa a 1972, sannan a 1974 Likens da Bormann suka fitar da wata maƙala a mujallar Science wadda ta kai maganar ga jama'a. Tushen matsalar shi ne hayaƙin farar wuta da na naitirojin daga tashoshin lantarki masu ƙona kwal a tsakiyar ƙasar, musamman kwarin Kogin Ohio. An gina musu dogayen bututun hayaƙi domin garuruwan da suke kusa su sami sauƙi, sai iska ta riƙa ɗaukar hayaƙin ɗaruruwan kilomita zuwa gabas, ya rikiɗe ya zama asid a cikin gajimare, ya sauka a kan duwatsun da ƙasarsu ba ta da abin kashe kaifinsa.

Domin a ga abin da asid yake yi wa ƙorama kai tsaye, a 1977 Ronald Hall da abokan aikinsa suka riƙa ɗiga asid a wata ƙaramar ƙorama mai suna Norris Brook na tsawon watanni, suka sauke ta zuwa pH 4. Tsutsotsin ƙwari masu yawa suka saki duwatsu suka bi ruwa, alminiyam kuma ya narke daga ƙasan ƙoramar ya shiga ruwan. Narkakken alminiyam yana lalata matatar numfashin kifi, kuma haɗarinsa ya fi yawa a lokacin narkewar dusar ƙanƙara, lokacin da asid ɗin da ya taru duk hunturu yake gangarowa a 'yan kwanaki.

Tsakanin hujja da doka an ɗauki lokaci mai tsawo. Likens ya jagoranci masanan da suka yi wa Shugaba Ronald Reagan bayani a fadar White House a 1983, amma gwamnatin lokacin ta zaɓi a ci gaba da bincike. Sai a Nuwamban 1990 Shugaba George H. W. Bush ya sa hannu a gyaran Dokar Tsabtace Iska, wanda ya nemi a rage hayaƙin farar wuta da tan miliyan 10 a shekara daga matakin 1980, ta hanyar ƙayyade adadi da ba kamfanoni damar sayar wa juna izinin fitar da hayaƙi. Awon da ake yi a kwarin ya nuna sinadarin salfet, wanda hayaƙin farar wuta yake haifarwa, yana raguwa a ruwan sama tare da raguwar hayaƙin, kuma a yanzu ruwan saman yana wajen pH 5.

Farfaɗowar da ba ta cika ba

Ruwan sama ya gyaru da sauri fiye da ƙoramu, kuma a 1996 Likens da Charles Driscoll da Donald Buso suka bayyana dalili. Shekaru da dama na asid sun wanke kalsiyam daga ƙasar dajin, har kimanin rabin wanda saiwa take iya kaiwa gare shi ya bi ruwa ya tafi, dutsen ƙasa kuwa a hankali ƙwarai yake narkewa ya mayar da shi. Sashe na 6, wanda ba a taɓa shi ba, ya daina ƙara nauyin itace tun daga shekarun 1980, maple mai zaƙi ya raunana, spruce ja kuma ya riƙa ƙonewa da sanyi. Akwai wasu dalilai da suka haɗu a ciki, musamman cutar ɓawon beech da ta iso kwarin a shekarun 1970, da guguwar ƙanƙara ta Janairun 1998 da ta karya rassa a saman gangaren.

Domin a raba tasirin kalsiyam da na sauran, a watan Oktoba na 1999 aka yi amfani da jirgi mai saukar ungulu aka watsa wani ma'adini mai ɗauke da kalsiyam, wanda ake kira wollastonite, a kan sashe na 1, gwargwadon abin da aka ƙiyasta asid ya kwashe. Maple ya murmure, 'ya'yansa suka fi rayuwa, dajin ya koma ƙara nauyi, ruwan ƙoramar kuma ya rage tsami. Wannan ya tabbatar da zargin da ake yi. Sai dai bayan kimanin shekaru goma sashen ya fara zubar da naitiret mai yawa a ƙoramarsa, abin da babu wanda ya hango, kuma ga alama gyaruwar ƙasar ce ta hanzarta ruɓewar abin da ya daɗe a tare a cikinta. Gwajin da aka rufe bayan shekara biyar, kamar yadda aka saba da yawancin tallafin bincike, da bai ga wannan ba.

Ƙoramun da ba a yi musu magani ba sun kama wata hanya dabam. Salfet ya ragu, kalsiyam ma ya ragu, sai ruwan ya zama kusan babu narkakken ma'adini a cikinsa, yana matsawa kusa da tataccen ruwan ɗakin gwaji, yanayin da ba lallai ya dace da halittun da suke buƙatar kalsiyam don gina ɓawo da ƙashi ba. A Mirror Lake kuma matsalar ta zo ta wata fuska, domin babbar hanyar mota mai lamba 93 da aka gina ta gefensa wajen 1970 ana zuba mata gishiri a hunturu don narkar da ƙanƙara, gishirin kuma yana gangarowa tafkin.

A kan duk wannan sai ga ɗumamar yanayi. Matsakaicin zafin kwarin ya ƙaru da fiye da digiri ɗaya tun 1955, lokacin da ƙanƙara take rufe tafkin ya gajarta, dusar da take kwanciya a ƙasa kuma ta rage kauri da daɗewa. Wani bincike da aka wallafa a 2019 ya nuna cewa ƙwarin buzuzu da danginsu da ake kamawa a tarko a dajin sun ragu da kashi 83 cikin ɗari tsakanin shekarun 1970 da tsakiyar shekarun 2010, kuma raguwar ta fi alaƙa da ƙarancin dusa. Dusar ita ce take hana sanyin iska ratsa ƙasa, don haka hunturu mai ɗumi da ƙarancin dusa yana iya barin ƙasa ta daskare fiye da da. Masu bincike sun gwada haka ta hanyar kwashe dusa da shebur daga wasu filaye a farkon hunturu, ƙasar ta daskare, ƙananan saiwoyin maple suka mutu, girman itatuwan ya ragu, naitiret kuma ya ƙaru a ruwan da yake ratsa ƙasar zuwa ƙorama. Maple ɗin da ragin asid ya fara ba shi sarari shi ne kuma itacen da daskarewar ƙasa take yi wa illa.